Asirin Wa Muke Rufawa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in sa baki a muhawarar da masu karatu suke yi game da marubutan ƙagaggun labarai, musamman mata daga cikinsu, waɗanda ake zargi da tona asirin gidajen aure. Jaridarku takan iso mana nan Garwa, a arewacin Kamaru, ta hannun direbobin da ke zirga-zirga tsakaninmu da Yola, yanzu kuma jikokina sukan buɗo mini ita a waya. Na karanta wasiƙun waɗanda suke ganin marubutan nan sun yaye wa al'umma zane a kasuwa, kuma na fahimci zafin da suke ji, domin ni ma a gidan da ake girmama rufin asiri na tashi. Sai dai sana'ar da na shafe fiye da shekara talatin ina yi ta nuna mini wani gefe na wannan magana wanda ban ga kowa ya taɓo ba.

Sana'ata ita ce rubuta wa mutane wasiƙa. Tun ƙarshen shekarun 1970 nake da ɗan teburi da benci a inuwar wata darbejiya kusa da gidan waya, ina rubutawa da ajami ga mai son ajami, da boko ga mai son boko, da Faransanci kuma idan takardar koke ce za a kai ofis. Haka na yi ta yi har zamanin kaset ya rage mana ciniki, wayar hannu ta zo ta tashi kasuwar gaba ɗaya. Wanda ya zauna a kan wannan benci yakan faɗa mini abin da bai faɗa wa matarsa ba, kuma ubangidana da ya koya mini aikin ya gargaɗe ni tun ranar farko cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na riƙe wannan gargaɗi, kuma har yau akwai maganganun da zan shiga kabari da su.

Ina so a fara sanin cewa ban raina rufin asiri ba, domin na ga amfaninsa da idona. Bayan da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, 'yan kasuwa da yawa a garin nan sun durƙushe, cikinsu har da wani dattijo mai sayar da yadi wanda a da gidansa ne ake sauke baƙi. Wata rana ya zo mini da sassafe, tun kafin a buɗe gidan waya, sanye da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a wadda ta sha guga, ya zauna ya ce in rubuta wa ƙaninsa da ke Yawunde. Muka gama gaisuwa da tambayar iyali, sai ya yi shiru mai tsawo yana murza carbi, ni kuma na ɗaga alƙalami ina jira. Daga ƙarshe ya ce, "Malam, rubuta masa cewa kasuwa ta ɗan yi sanyi, kuma damina da saura." Iyakar abin da ya iya furtawa ke nan, iyakar abin da na rubuta ke nan, ƙanin kuwa ya gane sarai, domin kafin wata ya ƙare buhunan masara sun shiga gidan da daddare. Dattijon nan ya rayu shekara tara bayan haka, ya ci gaba da zama a sahun gaba a masallaci, kuma babu wanda ya taɓa jin daga bakina cewa akwai lokacin da tukunya ta kwana biyu ba a ɗora ta a gidansa ba. Idan Bahaushe ya ɗaga hannu ya ce Allah ya rufa mana asiri, irin wannan yake nufi: a samu abin sawa a baka da abin sawa a jiki, kada talauci ko kuskure ya tsirara mutum a gaban waɗanda suke ganin girmansa. Shirun da na yi wa wannan bawan Allah bai cuci kowa ba.

Akwai kuma wata wasiƙar da na rubuta wadda ita ce dalilin wannan dogon bayani. Wani mutum a unguwarmu, mai abin hannu, ya nemi auren wata yarinya a Ngaundere. Mahaifinta, kamar yadda kowane uba nagari zai yi, ya aiko da takarda ga wani dattijo da ya yarda da shi a nan Garwa yana tambayar halin mai neman. Duk unguwa an san mutumin nan da dukan mata. Matansa biyu sun fita, ta biyun ma da tsakar dare ta tsallaka katanga, kuma babu maƙwabcin da bai taɓa jin kururuwa daga gidan ba. Dattijon ya zo ya zauna a bencina ya ce in rubuta cewa mutumin kirki ne, mai riƙon addini, mai ciyar da iyali, kuma ba a san shi da wani aibu ba. Na dakata na dube shi, shi ma ya gane abin da ke raina, sai ya ce, "Ɗana, a bar kaza cikin gashinta. Ba mu ne za mu hana shi aure ba, wataƙila wannan ce za ta zama sanadin shiryuwarsa. Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa." Na ji nauyinsa saboda sa'an mahaifina ne, na rubuta yadda ya faɗa, na karɓi sefa ɗari, na liƙe ambulan da hannuna.

An ɗaura aure, aka kawo amarya, shekarunta ba su wuce goma sha shida ba. Ba ta cika shekara biyu ba na gan ta a tashar mota, wata tsohuwa tana riƙe da ita, hannunta na hagu a ɗaure da tsinken karan dawa irin ɗaurin masu ɗori, kunnenta ɗaya a toshe da auduga. Daga baya na ji cewa kunnen bai sake ji ba. Ba ta san ni ba, ba ta kuma san cewa hannun da ya rubuta shaidar da aka aurar da ita a kanta yana tsaye taku biyar daga inda take ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ni alƙalami ne kawai, maganar ta dattijon ce, amma zuciyata ba ta taɓa karɓar wannan uzuri ba, domin alƙalami ba ya jin kururuwa da dare, ni kuwa na ji.

Kalma ɗaya muka yi amfani da ita a wasiƙun nan biyu, wato rufin asiri, alhali abin da ke ƙarƙashinta ya sha bamban. A ta farko mayafin ya sauka a kan wanda ya faɗi, ya kare shi daga idon jama'a. A ta biyu mayafin ya sauka a kan rami, aka kira baƙuwa aka ce ta taka. Tun daga lokacin, duk sanda na ji an ce a rufa asiri, tambayar da nake yi ita ce: asirin wa, kuma wa zai biya kuɗin wannan shiru?

Masu sukar marubuta sukan kafa hujja da addini, kuma hadisin da dattijon nan ya ja mini ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim, cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa a duniya da lahira. Suratul Hujurat ma, a aya ta 12, ta hana binciken laifin mutane da cin namansu a bayan ido. Amma Littafin da ya faɗi wannan shi ne ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 283, kada a ɓoye shaida, kuma wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Shi ne kuma ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah ba ya son a bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Abin da ya fi taɓa ni, da na koma gaban malamai bayan na bar sana'a, shi ne labarin Fatima bint Ƙais, wanda shi ma Muslim ya ruwaito. Ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana neman shawara a kan mutum biyu da suka nemi aurenta, sai ya gaya mata cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗarsa, a wata ruwayar ma an fayyace cewa mai dukan mata ne, sannan ya ba ta shawarar ta auri Usama ɗan Zaidu. Sahabbai ne ake magana a kansu, amma bai ce a bar kaza cikin gashinta ba, saboda rayuwar mace ce za a ɗora a kan amsar. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, cikinsu akwai kai ƙarar zalunci da kuma gargaɗin wanda ya nemi shawarar aure ko ciniki. Ranar da aka karanta mana wannan babi a zaure, na kasa ɗaga kaina, domin tambayar da mahaifin yarinyar nan ya aiko ita ce ainihin tambayar Fatima bint Ƙais, amsar da muka ba shi kuwa ta saɓa wa wadda aka ba ta.

Ba a maganar duka kaɗai muke yin haka ba. Ana ɓoye sakamakon gwajin jini a ɗaura aure tsakanin masu ɗauke da ƙwayar sikila su biyu, alhali likitoci sun bayyana cewa kowane ciki da za a samu a irin wannan aure yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, sai yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya ƙare ƙuruciyarsa a gadon asibiti. Ana lalata ƙaramar yarinya, manya su taru a zaure su ce a kashe maganar don kada sunanta ya ɓaci. Sunanta kam ya cancanci a ɓoye shi, har abada ma, amma a irin wannan sulhu wanda yake fita da riba shi ne mai laifin, domin gobe yana nan a ƙofar gidansa yana kiran wata yarinyar mai talla.

Akwai wani shirun da ban ga laifin masu yin sa ba, shi ne na tsoro, kuma mu a wannan yanki mun san shi. Bayan yunƙurin juyin mulkin ranar 6 ga Afrilun 1984 a Yawunde, lokacin da aka kama 'yan arewa da dama, masu zuwa bencina sun koma magana a dunƙule, uwa ta ce a tambayi lafiyar "wanda ya yi tafiya" ba tare da ta kama sunan ɗanta ba. A shekarun nan ne kuma wata mata 'yar Chadi, mai sayar da turaren wuta, takan zo duk bayan 'yan watanni in rubuta wa danginta a Njamena, kuma kullum jimla ɗaya take maimaitawa a ƙarshe: ko an ji labarin ajiyarmu? Sai da muka saba sosai ta gaya mini cewa ajiyar mijinta ne, wanda aka ɗauke shi daga gida da dare a zamanin mulkin Hissen Habre, shugaban Chadi na lokacin. Ta koma ƙasarsu bayan faɗuwar gwamnatin a watan Disamban 1990.

Abin da ya fito daga baya game da wannan mulki, wanda ya fara a 1982, ya isa darasi ga duk mai tunanin cewa shiru yana binne magana. Hukumar binciken da sabuwar gwamnatin Chadi ta kafa ta ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan 40,000. A 2001 masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar 'yan sandan cikin Habre, waɗanda ake kira DDS, suka tarar da takardu zube a ƙasa ƙura ta rufe su, kuma a cikinsu aka tsamo sunayen mutum 12,321 da aka tsare ko aka azabtar, cikinsu har da 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Waɗanda suka gina mulkinsu a kan ɓoyo, su da kansu suka rubuta shaidar da aka kama su da ita. A cikin takardun nan har da na wata mata mai suna Rose Lokissim, wadda tana tsare take rubuta sunayen fursunonin da suka mutu a kan guntayen takarda tana fitar da su a asirce domin danginsu su sani, har aka gano ta aka kashe ta a ranar 15 ga Mayun 1986. Ina roƙon masu karatu su dubi wannan da kyau, domin ita ma ɓoyo ta yi, ita ma sirri ta riƙe, amma nata sirrin gaskiya yake yi wa hidima, na masu tsaronta kuwa zalunci yake karewa. Da aka gurfanar da Habre a gaban kotu ta musamman a Dakar, matan da suka yi kusan shekara talatin suna haɗiye abin da aka yi musu sun tsaya a gaban alƙalai sun faɗe shi da bakinsu, kuma a ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai. Ban ji wani mai hankali ya ce matan nan sun zubar da mutuncin Chadi ba.

To, idan magana ta yi nauyin da ba za a iya faɗarta a zaure ba, kuma ba kowace ce za ta kai gaban alƙali ba, ina za ta bi ta fita? Kakanninmu sun daɗe da samo mata ƙofa, kuma adabi ne ƙofar. Mu da muka tashi kafin injin niƙa ya game gari mun ji mata a kan dutsen niƙa suna rera abin da ke cin su game da kishiya ko uwar miji ko rowar maigida, ba a kama sunan kowa ba, amma duk gidan an ji, kuma sau da yawa a kan ga gyara bayan kwana biyu. Tatsuniya ta ɗora haɗama da cin amana a kan Gizo, ta ɗora wauta da zalunci a kan kura, yara suna dariya, manya kuwa sun san da wa ake. Habaici da zambo da karin magana duk hikimarsu guda ce, su fito da laifin fili su bar mai laifin a rufe, ya ji a jikinsa ya gyara ba tare da an kunyata shi ba. Al'ummar da matar aure ba ta faɗar sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, ita ce kuma ta ƙware wajen faɗar gaskiya mai ɗaci ta bayan labule. A ganina ƙagaggen labari jikan waƙar niƙa ne. Marubuciyar da ta ƙirƙiri wata Hajiya da wani Alhaji a wani gari da babu shi, ta nuna yadda ake karya yarinya a ɗakin aure, ta yi abin da ni na kasa yi da alƙalamina: ta ba da shaida kuma ba ta tsirara kowa ba. Wanda ya karanta ya ji kamar da shi ake, sai ya binciki kansa, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mu nan arewacin Kamaru muna da misali a kusa. Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa a 1975, ta rubuta labari a kan auren dole da zaman kishi da dukan mata, ta gina shi a kan kalmar Fulatanci "munyal", wato haƙuri, kalmar da ake cusa wa amarya a kunne ranar da za a kai ta, kamar yadda mu ma muke cewa yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne. Littafin ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020. Na ji mutane a majalisa suna cewa ta kai ƙararmu wurin Turawa, kuma yawancin masu faɗar haka ba su buɗe littafin ba. Jikata ce ta karanta mini shi tana fassarawa inda Faransancina ya gaza, kuma ban ji wani abu a ciki wanda ban taɓa ji a kan bencina ba. Damuwata da shi daban ce: da harshen da aka rubuta shi, matan da aka yi shi dominsu kaɗan ne za su iya karantawa. A nan ne nake ganin darajar marubutan Hausa na Kano da sauran garuruwa, waɗanda tun shekarun 1980 suke rubuta irin waɗannan matsaloli da harshen da matar da ke cikin kulle za ta karanta da kanta, kuma littattafansu sun daɗe suna ƙetaro iyaka suna shigowa kasuwanninmu. Na tuna cewa a 2007 an tara wasu littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Takarda ta ƙone, amma babu auren dole ko ɗaya da wutar ta warware.

Duk da haka ba zan ce masu suka ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai masu rubutu, musamman yanzu da kowa yake da madaba'a a tafin hannunsa, waɗanda suke ɗauko rayuwar maƙwabciya ko tsohon miji su sauya harafi ɗaya a sunan su watsa, ta yadda duk unguwa za ta nuna gidan da yatsa. Wannan tonon silili ne, ramuwar gayya ce aka sa mata rigar adabi. Akwai masu cika shafi da batsa su ce wai gaskiyar rayuwa suke nunawa, alhali ciniki suke nema. Haka nan wanda yake ɗaukar hoton takardar saki ko muryar matarsa ya saka a Facebook ya ci amanar da aure ya ɗora masa, ko da abin da ya faɗa ya faru. Akwai ma wata ƙaryar da ba a cika zarginta ba, ita ce ta marubucin da kowane gida a littafinsa bene ne, kowane saurayi da mota, babu mai bin bashin awo, babu mai kwana da yunwa, har yarinyar da ke karantawa ta ɗauka rayuwar gidansu ce ba daidai ba. Shi ma ɓoyo ya yi, kuma ɓoyonsa yana da illa. Ma'aunin da nake ganin ya dace a riƙa auna rubutu da shi shi ne wanda aka auna mai sayar da hatsi da shi a hadisi, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani. Ba a ce ya zubar da hatsinsa a titi ba, ba a kuma ce ya yi shelar wanda ya jiƙa shi ba, an dai hana shi ya sa mai saye ya biya kuɗin abin da bai gani ba.

Saboda haka ina roƙonka, Malam Edita, kada ka bari a rufe wannan muhawara da kiran a hana ko a ƙona. Jaridar da aka kafa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta na farko, sunan da aka raɗa mata shi ne Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma duk jaridar Hausa da ta biyo baya ta gaji wannan nauyi ko ta so ko ba ta so ba. Ku buɗe fili ga matan da aka aurar a kan shaidar ƙarya da iyayen da aka yaudara su faɗi abin da ya same su, ku sakaya sunayensu da na garuruwansu. Ku gayyaci malamai su yi wa jama'a bayanin inda sutura ta wajaba da inda shaida ta wajaba, domin da yawa daga cikin dattawan da suke cewa a rufa asiri ba mugaye ba ne, rabin karatun aka ba su. Dattijon da ya sa ni rubutun nan mutumin kirki ne, ya yi wa marayu da yawa hidima, kuma na tabbata ya rasu yana ganin alheri ya yi.

Shekara uku da suka wuce ta'aziyya ta kai ni Ngaundere, sai na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan mahaifin yarinyar nan. Shi ya riga mu gidan gaskiya, ita kuwa tana nan, ta manyanta, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta sake aure ta haifi 'ya'ya biyar. Aka yi mini iso, ta fito zaure ta durƙusa ta gaishe ni, ta juyo da kunnenta na dama wajena. Na gaya mata ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Ta yi shiru, sannan ta shiga ciki ta fito da wani tsohon gwangwanin alewa, ta buɗe ta zaro takarda da ta yi ja saboda daɗewa. Rubutuna ne, da ajami, da tawadar da nake haɗawa da kaina. Ta ce mahaifinta ya ajiye ta har ya rasu, kuma duk lokacin da wani ya yi masa gorin cewa ya jefa 'yarsa a wuta saboda kuɗi, sai ya ɗauko ta ya nuna, ya ce ga shi nan, sai da na tambaya. Na nemi gafararta, ta ce, "Baba, na yafe maka duniya da lahira, amma da ka ƙara ko layi ɗaya a ƙasa, da Baffa ya gane." Na ce mata ina da niyyar in rubuta wannan labari wata rana idan ta yarda. Ta ce in rubuta, domin tana da 'ya'ya mata kuma wasu ma suna da su, sai dai kada in faɗi sunanta, kada kuma in faɗi nasa, saboda ya bar 'ya'ya a duniya waɗanda ba su yi mata komai ba.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon marubucin wasiƙu,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.